Kalmar da Ɗinki Ya Haɗiye

Shekara arba'in da ɗaya ina ɗinkin littattafai, saboda haka in aka ajiye mini littafi a tebur aka ce faɗuwa ya yi, na san faɗuwa, na kuma san jifa. Wanda 'yata ta kawo mini ranar Litinin da hantsi, jifa ne. Kusurwarsa ta lotsa ciki, ga farin fenti a jikinta.

"Faɗuwa ya yi, Baba."

"To, madalla. Bangon littafi ne ya tashi ya je gaida bangon ɗaki ke nan."

Ba ta yi dariya ba. Almakashi muke kiranta a gida, don tun tana 'yar shekara biyar ba ta ganin abu ya yi tsawo ta ƙyale shi. Ta taɓa rage wa labulen uwarta tsawo, ta rage wa kyanwar maƙwabta gashin baki. A shagona ma, aikin da ta fi so shi ne ta danna injin yanka takarda ta ga gefen littafi ya fito sumul. Yanzu ta girma, ta yi karatu har ana ce mata Dakta, tana aiki a wani gidan bincike a can ƙarshen gari. Ran da ta fara gaya mana cewa ƙwayoyi take kiwo, sai da uwarta ta dafe ƙirji. Ashe ƙwayoyin halitta take nufi, irin waɗanda aka gina jikin mutum da su.

Na juya littafin, na gane ɗinkina ne. Takardun marigayi malaminta ne, wanda suke kira Farfesa. Da ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ita ta gaji aikinsa, ta kawo mini takardunsa a warwatse cikin leda na haɗa mata su.

"Me ya yi miki?" na tambaye ta.

Ta zauna a kan kwalin takardu, ta ce, "Ranar Juma'a kwamiti zai zauna. Ƙwayoyina sun yi shiru, Baba. In ban faɗa musu dalili ba, za su rufe aikin su ba wa wani ɗakin. Shekara huɗu ke nan."

"Da can magana suke yi?"

"Baba, don Allah."

Ni dai ba mai son dogon zance ba ne. Kowa a gidana ya san in ya kira ni a waya ya fara ina kwana, ina gajiya, yaya aiki, zan katse shi in ce faɗi abin da ya kawo ka, gam yana bushe mini. Amma wannan maganar ta tsaya mini a rai. Ta yaya abin da ba shi da baki zai yi shiru? Sai na ce mata gani ya kori ji, ta kai ni in gani da idona. Ta dube ni kamar an musanya mata uba, don tun da ta fara aiki a wurin ban taɓa taka ƙofarsa ba.

Washegari da azahar na rufe shago na tafi, littafin a hammata. Aka sa mini farar riga mai dogon hannu, aka sa wa takalmana wasu hulunan leda, na zama kamar wanda za a yi wa fiɗa. Ɗakin sanyi ƙalau, injuna na ta gurnani a hankali. Ta buɗe wani akwatin ƙarfe mai ɗumi, ga kwalabe kwance a jere, kowace da ruwa ja-ja kaɗan a ciki, an rubuta kwanan wata a jikinta.

"Ina ƙwayoyin?"

"Suna manne a ƙasan kwalbar. Zo ka leƙa."

Ta ɗora kwalba ɗaya a kan na'urar da suke leƙa ƙananan abubuwa, ta rage fitilar ɗakin. Na cire tabarau na sa ido. Wallahi sai da na ja da baya. Wasu abubuwa ne birjik, suna haske kore shar, kowanne da ɗan zagaye a tsakiyarsa.

"Waɗannan na Farfesa ne," ta ce. "Shekara tara ke nan, har yanzu suna yi. Ya saka musu umarni a ciki, cewa su haɗa wani sinadari da ake wa masu ciwon jini magani da shi. Ya haɗa da wannan hasken don ya zama shaida. In ka ga kore, suna karanta umarnin."

"To ai shi ke nan. Ga su suna yi."

"Nasa maganin ba shi da ƙarfi. Ni na gyara umarnin, nawa ya ninka nasa. Duba nawa."

Ta canza kwalba. Na leƙa, na ƙara leƙawa. Duhu ne, sai can ɗaya, can ɗaya, suna ɗan ƙyalli kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Ta ce haka suke yi mata kullum. In ta saka umarnin sabo, sai su haska har su fi na Farfesa. Su yi ta rabuwa suna hayayyafa, wata uku, wata biyar, sai hasken ya fara ja baya, 'ya'yan su kasa yin abin da iyayen suka yi. Sau shida tana sake farawa daga tushe.

"Wataƙila rubutun ne ya goge," na ce.

"Yana nan. Sau uku ina sa a karanto mini shi harafi-harafi, ko ɗaya bai canza ba. Umarnin yana ciki, sun dai daina karantawa."

Nan fa abin ya kama ni sosai, don wannan na san shi. Sau nawa aka kawo mini littafi lafiya lau, ba harafin da ya ɓace, amma shafuka sun manne da juna ba ya buɗuwa? Na jawo kujera mai taya na zauna, ta kusa gudu da ni.

"A kan me ake rubutun?"

"A kan zare. DNA ake ce masa, zaren gado. Haruffa huɗu ne kacal suke ta maimaituwa. Ka ga zagayen nan na tsakiyar ƙwayar? A ciki yake. In da na mutum ne aka warware shi, ya kai tsawonka har da ƙari."

"A cikin wannan ɗan abin da ido ba ya gani?"

"A ciki."

"Ƙarya ne," na ce, ban san lokacin da ta fito ba. Ni da zaren taku biyu ke cukurkuɗe mini in na yi sakaci. "Wa yake riƙe da shi? Zare ba ya zama haka kawai, Almakashi. In ba a kama shi a wani wuri ba, ƙulli zai zama."

A karo na farko tun Litinin ta yi ɗan murmushi. Ta ɗauko wayar wata na'ura ta lanƙwasa ta, ta danne wurare biyu a kan tebur da yatsunta, tsakiyar ta tashi kamar hannun jaka.

"Ana kama shi. A cikin zagayen akwai wani abu kamar raga, kamar katakon da ake ɗora rufin ɗaki a kai. Zaren yana da wurare na musamman da suke kama jikin ragar, nan da nan, sai abin da ke tsakani ya tashi haka. Umarnin da yake cikin wannan madaukin yakan zauna a buɗe, masu karatu su same shi. Farfesa turke yake kiran wuraren."

"In babu turken fa?"

"Sai abin da hali ya yi. Akwai wurare a zaren da suke naɗe tamau, ba a karanta su. In umarni ya faɗa kusa da su, ba abin da ya raba shi da su, a hankali naɗin yakan ci gaba har ya haɗa da shi."

"Kamar shafin da ke kusa da wanda ruwa ya jiƙa."

"Kusan haka."

"To me aka rubuta a jikin turken?"

"Ba komai. Haruffa biyu ne suka fi yawa a wurin, A da T, suna ta zuwa suna dawowa. Ba saƙo."

Na juya abin a kaina. Wurin da ba a rubuta komai ba, shi yake sa a karanta inda aka rubuta. Raina ya yi fari da jin haka, kamar an yabi sana'ata, don gefen da muke ɗinkewa a littafi ma ba kowa yake kallonsa ba.

"Naki yana da turke?"

"Farfesa bai nuna ko ɗaya a zanensa ba. Wancan satin na zauna na bi littafin nan shafi-shafi ina neman abin da na tsallake, ban samu ba. Shi ya sa ya faɗi." Ta karɓi littafin daga hannuna ta buɗe shafi na sittin da uku. Zane ne na dogon layi, an raba shi gida-gida, kibiya ta nuna gidan farko. "Abu ɗaya na cire, shi ma da izininsa. Wannan jelar ce da ke reto a farkon layin, haruffa kusan dubu uku marasa kan gado. Da zan saka nawa gyaran, abin ya yi tsawo. Ga shi da hannunsa."

Na mayar da tabarau. Da ƙananan haruffansa masu kama da sahun tururuwa, ya rubuta a ƙarƙashin kibiyar: "a yanke wannan. Ba ya ɗauke da saƙo."

Ita rubutun take kallo, ni kuwa idona ya tafi wani wuri. Shafin na hannun dama ne, kuma wannan "a" ta farko tana zaune daf da ɗinki, har tana neman shigewa ciki. Ƙaramar "a" ce, alhali jimlar da ke biye da babban harafi ta fara. Na rufe littafin na ce mata zan je in gyara bangon.

"Ka gaji, Baba?"

"Sanyin ɗakinku ne," na ce. Ƙarya na yi.

Ranar Laraba da safe na buɗe shago, na yi shara, na jera abin da ba ya bukatar jerawa, na wasa wuƙar da ba ta dakushe ba. Littafin yana kan tebur yana jirana. Ina tuna ranar da ta kawo takardun sarai. Ta yi wata biyu ba ta leƙo ba, ba ta kira ba. Ta shigo a tsaye, ko zama ba ta yi ba, ta ce, "Baba, a haɗa mini waɗannan, yau nake so." Takardu ɗai-ɗai irin waɗannan, aikinsu na gaskiya kwana uku ne. Sai ka manna wa kowace siririn ƙyalle a gefe, ka yi ɗinkin a kan ƙyallen, yadda littafi zai buɗe har ƙarshe ba abin da ya ɓuya. Akwai kuma aikin gaggawa: ka tara su, ka huda gefen da basilla, ka ja zare, ka shafa gam. Awa ɗaya an gama, amma yana cinye faɗin yatsa biyu. Ban taɓa yi wa baƙo wannan ba sai na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya na tabbatar ba rubutu a wurin. Ran nan haushi nake ji. Na ce a raina, tunda yau take so, yau za ta samu, ban duba ko shafi ɗaya ba.

Na sa wuƙa na tsinke zaren. Na jiƙa gam ɗin da ɗan ruwan ɗumi, na bi da haƙuri ina ɗaga takardun, har na kai ta sittin da uku. Ga hujin basillata guda biyar a jere. Tsakanin na biyu da na uku, da baƙin alƙalami, da babban harafi, ga kalmar a zaune: "Kada". A jikin gefen kuma, a tsaye daga ƙasa zuwa sama, ya ƙara: "Turke ne, na gwada babu shi, sun mutu murus a wata huɗu."

Na daɗe a zaune da takardar a hannu. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban ji ba tun ina koyon aiki. Ni da nake bugun ƙirji a layinmu cewa ban taɓa cin harafin kowa ba, ga shi na ci kalma sukutum, kalmar kuma ta ci wa 'yata shekara huɗu.

Uwarta ta shigo kawo mini abincin rana, ta same ni haka. Na nuna mata, na karanta mata jimlar yadda Almakashi ta gan ta, da yadda take a gaskiya.

"Ikon Allah," ta ce. "To me kake jira?"

"Ina tunanin yadda zan faɗa mata ne. Ai zan iya cewa jifan da ta yi ne ya buɗe wurin, na gani. Kuma Farfesan ma, wa ya aike shi rubutu a bakin takarda?"

Ta ajiye kwanon da ƙarfi. "Laifi tudu ne, Malam, ka taka naka kana hango na mamaci. Shekara nawa kana ce wa mutane su faɗi abin da ya kawo su? Yau kai ma je ka faɗi abin da ya kai ka."

Ban ci abincin ba. Na sa takardar tsakanin kwali biyu, na hau motar haya. A bakin ƙofar ɗakinta na tsaya, ban jira rigar ba, na ƙwanƙwasa gilashi. Ta fito tana cire safar hannu.

"Lafiya, Baba?"

Na miƙa mata. Ta karanta, leɓɓanta na motsi. Ta juya takardar ta karanta na tsayen. Sai ta jingina da bango, ta sulale ta zauna a ƙasa da farar rigarta.

"Kada," ta ce. "Kada a yanke."

"Ɗinkina ne ya haɗiye ta. Aikin kwana uku ne na yi miki a awa ɗaya, ban duba gefen ba. Ba don kin ce yau kike so ba. Haushinki nake ji, kin yi wata biyu ba ki kira ni ba."

Ta ɗago ta dube ni, idonta ya ciko. "Baba, in na kira ka me zan ce? Ba ni da abin da ya kawo ni. Kai ka ce gam yana bushe maka."

Wani ma'aikaci ya zo wucewa da tire cike da ƙananan kwalabe, ya gan mu, ya canza hanya.

Ita ta fara dawowa hayyacinta. Ta goge ido da bayan hannu, ta sake duba takardar, na ga idon nan nata na yarinta ya dawo, wanda take yi in ta ga abin da ba ta gane ba. "Wata huɗu," ta ce. "Nawa ma tsakanin uku da biyar. Kuma jelar tana nan, Baba. Cikakken zaren Farfesa yana cikin firiza, ban zubar ba. Ni ma da laifina. Harafi dubu uku, A da T zalla, na san kamannin turke, amma da na ga rubutunsa ban sake waiwayar wurin ba." Ta miƙe tana kakkaɓe riga. "Zan iya mayar da ita cikin sati biyu. Sai dai ba za a san ko ta riƙe ba sai bayan wata shida."

"Kwamitin zai jira?"

"Dalili suka ce in kawo. Ga dalili da hannun mai shi." Ta kama hannun ƙofa, sai ta juyo. "Ka bar mini takardar."

"Ki riƙe ta da kwalin. Kada kuma ki rage mata gefe."

Ta yi dariya har da ƙwalla, ta shige.

Ranar Juma'a na yini ina manna wa takardu ɗari da goma sha biyu ƙyalle, ɗaya bayan ɗaya, ina karanta gefen kowace. Na tsinci wasu kalmomi uku, amma ba wadda ta kai waccan. Wajen la'asar saƙo ya shigo wayata: "Sun ba ni wata takwas." Na karanta wa uwarta sau biyu, ta yi hamdala ta ce in koma bakin aikina.

Asabar da safe, na ɗora gam na fara shafa wa bangon ke nan, waya ta yi ƙara. Ita ce.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau."

"Yaya gajiyar jiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya shago?"

Na tsaya ina jiran maganar, ko ƙwayoyin ne, ko littafin take so yau. Shiru, ba ta ƙara komai ba, sai numfashinta nake ji. Jimlar nan tawa ta taho har bakina, na ji ta a kan harshe. Na dubi gam ɗin, ya fara kama jiki a kan kwalin. Na ajiye burushin, na jawo kujera na zauna.

"Shago lafiya lau," na ce. "Ke fa, kin tashi lafiya? Yaya sanyin ɗakin nan naku?"

Muka yi kusan rabin awa, ba wanda ya faɗi abin da ya kawo shi. Da na ajiye wayar, gam ya bushe ƙayau, sai da na kankare bangon na sake sabo.